Antibayiros ya hana ni girka manhajar kyauta: in kashe shi ko in haƙura?

Nasiru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wata 'yar manhaja ta kyauta da nake son girkawa, ta canza sunayen fayiloli da yawa a lokaci guda. Ina gama sauke ta antibayiros ɗina ya fizge ta ya killace, wai Trojan ce, wato muguwar manhaja da ke shigowa da kamannin ta kirki. Na sake saukewa, ya sake ɗaukewa. Wanda ya nuna min ita ya daɗe yana aiki da ita lafiya lau. Yaya zan yi?

Ɗan Baiwa: Wa alaikumus salam. Kashe shi na minti goma, ka girka, ka kunna abinka. Su antibayiros haka suke, komai a wurinsu bayiros ne.

Injiniya Bashir: Nasiru, dakata tukuna, kada ka kashe komai. Amsa min tambaya biyu. Daga ina ka sauke ta, shafin masu ita ko wani shafin da ya fito maka a saman bincike? Sannan mene ne cikakken sunan da antibayiros ɗin ya ba ta? Trojan kaɗai bai isa ba, akwai sauran rubutu a gaba da baya.

Nasiru: Yaya Bashir, daga shafin mai manhajar ne a GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ɗora aikinsu, inda yake ajiye sababbin fitowa. Sunan kuma yana da Trojan, sai Generic, sai wasu lambobi a ƙarshe.

Injiniya Bashir: To, Generic ɗin nan ya faɗa maka abu mai yawa. Antibayiros yana kama fayil ta hanyoyi daban. Akwai wanda ya san shi sarai, masu bincike sun riga sun warware shi sun ba shi sunan iyalinsa, kamar Emotet ko RedLine. Akwai kuma wanda bai taɓa gani ba, kawai dai ya ga yana da kamannin miyagun da ya sani. Irin wannan na biyun ne ake rubuta wa Generic, ko Gen, ko Heur, ko Suspicious. A Microsoft Defender za ka ga sunan ya ƙare da !ml, kamar Wacatac.B!ml da ya addabi mutane, ma'ana na'ura ce mai koyo ta yi hasashe, ba mutum ne ya zauna ya duba ba. Hasashe kuwa yana iya dacewa, yana iya kuskurewa. Saboda haka ban ce fayil ɗinka lafiyayye ne ba, na ce dai zargi ake yi masa, ba a kama shi dumu-dumu ba.

Ɗan Baiwa: Ai maganata ke nan, Injiniya, ka dai tsawaita ta.

Injiniya Bashir: Ba maganarka ba ce. Kai ka ce ya kashe, ni na ce ya bincika.

Malama Rabi: Bari in shigo, don abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ina rubuta ƙananan manhajoji da Python, wani harshen rubuta manhaja, ina rabawa kyauta. Idan zan ba wanda ba shi da Python a kwamfutarsa, dole in ƙunshe komai cikin fayil guda da PyInstaller. To PyInstaller yana da wani ɗan ɓangare da ke tayar da manhajar, kuma kusan iri ɗaya ne a duk abin da aka ƙunsa da shi. Masu rubuta manhajar satar bayanai su ma da shi suke ƙunshe nasu, don kyauta ne kuma ba wuya. Antibayiros ya ga wannan ɓangaren a cikin miyagu dubbai, sai ya ɗauka duk inda ya gan shi akwai matsala. Ƙari a kan haka, idan fayil guda aka yi, lokacin da ka danna shi sai ya zazzage kayansa cikin folda ta wucin gadi ya tashi daga can, wanda shi ne ainihin halin da ake tsoro a wurin bayiros. Ka rubuta abin da ba ya komai sai gaisuwa a allo, ka ƙunshe shi haka, ka ga yadda wasu za su yi masa ca.

Ba Python kaɗai ba ne. AutoHotkey da AutoIt, su ma harsunan rubuta manhaja, sun sha wannan ƙazafin shekara da shekaru. Wanda ya matse fayil ɗinsa da UPX don ya rage girma shi ma ya jawo wa kansa. Masu harshen Go har amsa suka rubuta a shafinsu na tambayoyin da aka fi yi, saboda yawan masu zuwa suna cewa antibayiros ya kama abin da suka haɗa da hannunsu.

Ummi Sadiya: Malama, to me ya sa manyan kamfanoni ba a kama nasu?

Malama Rabi: Ummi, abu biyu ne: sa hannu da suna. Babban kamfani yana da satifiket na sa hannu, duk fayil ɗin da ya fitar yana ɗauke da shaidar cewa daga gare shi ya fito kuma ba a taɓa shi a hanya ba. Satifiket ɗin saye ake yi, ana sabuntawa, kuma tun Yunin 2023 aka wajabta a ajiye mabuɗinsa a na'ura ta musamman, ba a kan kwamfuta kawai ba, wanda ya ƙara tsada da wahala. Ɗalibin da ya rubuta abu a lokacin hutunsa ya raba don Allah, ina zai fara?

Sai suna. SmartScreen na Windows, wannan shuɗin allon da ke cewa ya kare kwamfutarka, shi ba cewa yake yi ya ga cuta ba. Cewa yake yi bai san fayil ɗin ba, mutane kaɗan ne suka taɓa sauke shi. To ta yaya mutane za su sauke shi da yawa alhali ana tsorata duk wanda ya zo? Kuma idan ba ka da sa hannu, duk sabuwar fitowa daga sifili take farawa. Ka gyara harafi ɗaya, fayil ya canza, an manta da kai.

Malam Ilu: Manyan ma ana kama su, 'yata, mantawa ake yi. Mu da muka daɗe a gyaran kwamfuta mun ga abubuwa. A Afrilun 2010 McAfee suka saki sabuntawa mai lamba 5958, ta ɗauki svchost.exe, wanda Windows XP ba ya iya numfashi sai da shi, ta ce bayiros ne. Kwamfutoci a kamfanoni da asibitoci suka riƙa mutuwa suna tashi, sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu. A 2011 Microsoft Security Essentials ya ce Chrome ɓarawon bayanan banki ne mai suna Zbot, ya goge shi daga kwamfutocin mutane. Mafi ban dariya, a 2012 Sophos ya kama nasa ɓangaren sabuntawa ya killace, wato ya toshe hanyar da gyaran zai biyo. Panda ma ya yi wa kansa irin haka a 2015. Bambancin kawai, idan Chrome aka taɓa, cikin awoyi an gyara an ba da haƙuri. Idan na Malama Rabi ne, sai ta yi ta aika saƙo.

Ɗan Baiwa: Allah ya saka da alheri Malam. Kun ji dai. Abin da ke kama kansa da kansa shi za a ce in tsaya ina sauraro?

Injiniya Bashir: Ɗan Baiwa, tunda tarihi ake so, ga nawa. A Maris na 2023 wasu manhajojin tsaro, ciki har da SentinelOne, suka fara ihu a kan manhajar kiran waya ta kamfanin 3CX. Manhaja ce da aka sani, daga shafin kamfanin aka sauke ta, tana ɗauke da sa hannun kamfanin na gaskiya. Masu kula da kwamfutocin ofisoshi da yawa suka ce ƙazafi ne, suka sa ta cikin jerin abubuwan da ba a dubawa, suka ci gaba da harkarsu. Kimanin mako guda bayan haka aka tabbatar cewa masu kutse sun shiga inda ake haɗa manhajar sun dasa nasu a ciki, kuma bincike ya danganta su da Koriya ta Arewa. Waɗannan fa ƙwararru ne, ba masu koyo ba. Abin da ya ci su shi ne sabo: an yi musu ihun banza sau da yawa har suka daina waiwaye.

Kafin nan akwai CCleaner 5.33 a 2017, kyauta, da sa hannu mai kyau, kuma Avast da ta mallake ta ta ce mutum miliyan 2.27 ne suka girka gurɓatacciyar. A shekarar dai aka shiga ɗaya daga sabobin da ake sauke HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, aka musanya ta Mac da mai ɗauke da muguwar manhajar leƙen asiri mai suna Proton. Duka waɗannan wanda ya sauke su zai iya rantsuwa cewa daga shafin asali ya ɗauko, kuma bai yi ƙarya ba.

Malama Rabi: Injiniya, misalanka ai nawa suke ƙarfafawa. 3CX da CCleaner duka suna da sa hannu, duka suna da suna. CCleaner ta yi kusan wata guda tana yawo ba wanda ya ce uffan. Wato tsarin yana sakin mai kuɗi ya wuce da cuta, yana tare talaka da ba shi da komai.

Injiniya Bashir: Ban musa ba, Malama, tsarin bai yi adalci ba. Amma Nasiru ba zai iya gyara tsarin yau da dare ba. Fayil guda ne a gabansa, kuma dole ya yanke hukunci a kansa.

Kamalu: Ku dawo Linux ku huta.

Malam Ilu: Kamalu, a Fabrairun 2016 an shiga shafin Linux Mint an canza linkin saukewa zuwa gurɓataccen fayil. A Maris na 2024 kuma saura ƙiris ƙofar baya da aka dasa cikin xz, manhajar matse fayiloli, ta shiga manyan rabe-raben Linux, wani injiniya Andres Freund ne ya lura shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, na ɗan jinkiri ya bi diddigi. Zauna kawai.

Kamalu: Malam, ai ba antibayiros ba ne ya kama xz ɗin, mutum ne. Ka ga amfanin buɗaɗɗen kod ke nan, wanda kowa ke iya karanta yadda aka rubuta manhaja.

Nasiru: To ni yanzu me zan yi a aikace? Kun bar ni a tsakiya.

Injiniya Bashir: Je ka VirusTotal. Shafi ne da wani kamfanin Sifaniya ya fara a 2004, Google ya saye shi a 2012, yana gwada fayil da injina kusan 70 a lokaci guda. Amma kada ka tsaya a kan jan lambar da ke sama, nan mutane ke ruɗewa. Duba su wa suka kama. Idan uku ne ko huɗu, sunayen da ba ka taɓa ji ba, kuma duk Generic ko ML, wato hasashen na'ura, ko "malicious" da kaso suka rubuta, alhali manya irin su Kaspersky, ESET da Bitdefender sun yi shiru, galibi ƙazafi ne. Idan kuwa manyan sun haɗu a kan suna guda na wani iyali da aka sani, goge shi ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke da mai manhajar.

Sannan shiga ɓangaren cikakken bayani ka ga ranar da aka fara kawo fayil ɗin. Wannan ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Fayil da ya shekara yana yawo kuma har yau ƙanana biyu ne ke zarginsa, hankali ya kwanta. Wanda aka fara gani jiya kuwa, ko ba wanda ya kama shi, shirun bai zama shaida ba, wataƙila ba a kai gare shi ba ne.

Malama Rabi: In ƙara kan wannan: lambar ma kanta tana kumbura. Kamfanoni da dama injin Bitdefender suke haya, irin su Emsisoft, G Data da eScan. Idan shi ya yi kuskure, sai ka ga sunan iri ɗaya ya jeru sau biyar ko shida, ka ɗauka shaidu shida ne, alhali bakin mutum ɗaya ne. Akwai kuma kwaikwayo. A 2010 Kaspersky suka yi gwaji da gangan: suka haɗa fayiloli 20 marasa cuta, suka sa injinsu ya kama 10 daga ciki, suka ɗora a VirusTotal. Cikin kwanaki kaɗan wasu kamfanoni har 14 suka fara kama waɗannan goman. Ba wanda ya buɗe ya duba, sun ga wani ya yi ihu ne suka taya shi.

Ummi Sadiya: Ni ma zan riƙa ɗora takarduna a can kafin in buɗe.

Injiniya Bashir: A'a Ummi, ban da takardun sirri. Duk abin da kika ɗora yana zama a wurinsu, kamfanonin tsaro da masu biyan kuɗin shiga suna iya sauke shi. Fayil ɗin girka manhaja da kowa ke da shi ba komai. Takardar aiki ko ta banki kuwa, kada ki kuskura.

Nasiru: Na duba. Guda 4 ne suka kama cikin 70 da ɗoriya, har da nawa. Babu manyan da ka lissafa. An fara ganinsa wajen wata biyar da suka wuce. Sannan a shafin manhajar na ga wasu sun kai irin wannan ƙorafin, mai ita ya amsa cewa da PyInstaller ya haɗa.

Malama Rabi: Ka ji ko.

Injiniya Bashir: Alamun sun yi kyau. Idan mai ita ya wallafa lambar SHA-256, wato lambar tantancewa da ke canzawa da zarar an taɓa fayil, buɗe PowerShell, wurin rubuta umarni a Windows, ka rubuta Get-FileHash da sunan fayil ɗin, ka gwada da tasa. Idan sun yi daidai, abin da ya ɗora shi ne ya iso gare ka. Daga nan ka shiga inda aka killace shi ka dawo da shi, ka ba shi izini shi kaɗai. Shi kaɗai fa. Ba foldar da kake sauke abubuwa gaba ɗaya ba, balle dukan C, babban ma'ajin kwamfutar. Na sha ganin kwamfutar da aka cire wa foldar saukewa daga dubawa saboda manhaja guda, aka manta, bayan wata shida duk abin da ya shigo ta nan ba mai tambayarsa. Kashe antibayiros ɗin gaba ɗaya kuma bai ma magance matsalar ba, kana kunna shi zai sake fizge ta.

Malam Ilu: Lambar SHA ɗin ma a san iyakarta. Wanda ya shiga shafin Linux Mint har lambar tantancewar da ke shafin ya canza ta dace da nasa fayil ɗin. Tana kare ka daga abin da ya lalace ko aka musanya a hanya, ba ta kare ka idan gidan ne kansa aka shiga. In kana da Windows Pro, akwai Windows Sandbox, ka fara gwada ta a ciki, kana rufewa komai ya goge. Sai dai wasu miyagun suna gane cewa a cikin akwatin gwaji suke, sai su yi lamo.

Ɗan Baiwa: Duk wannan aikin a kan manhajar canza suna? Ni shekara nawa ina girka Photoshop da Office da kirak, kullum sai na kashe antibayiros, ban taɓa ganin komai ba.

Malama Rabi: Yauwa, ashe nan gizo ke saƙar. Ɗan Baiwa, kirak ba manhajar kyauta ba ce, ta kuɗi ce aka fasa. Kada ka haɗa mu. Masu raba kirak su ne suka koya wa duniya wannan karatun na "kashe antibayiros kafin ka girka", kuma shi ya sa masu satar bayanai suka fi son ɓoye kayansu a ciki, don kai da kanka za ka buɗe musu. Sannan mai satar kalmomin sirri ba ya nuna maka komai. Ya kwashe abin da burauzarka ta adana cikin daƙiƙoƙi, ya aika, wani ma ya goge kansa. Rashin ganin komai shi ne yadda aka tsara shi.

Ɗan Baiwa: Malama, kin ɗau zafi.

Malama Rabi: Na ɗauka. Saboda ku ne idan na ce wa mutum manhajata lafiya take, maganata ta zama iri ɗaya da ta ɓarawo.

Ummi Sadiya: Ni nawa ba Trojan yake rubutawa ba, PUA yake cewa. Shi kuma fa?

Malam Ilu: Wannan aji ne na uku, kuma sau da yawa ba ƙazafi ba ne. Ma'anarsa manhajar da wataƙila ba ki so. Wani lokaci ita kanta lafiya take, amma an cusa mata tarkace a cikin fayil ɗin girkawa: mai canza miki shafin farko na burauza, mai cika ki da talla, mai cewa zai ƙara wa kwamfuta sauri. A 2015 SourceForge ta yi wa GIMP ta Windows haka, ta naɗe ta da tallace-tallace ba da yardar masu ita ba, aka yi ta rigima. Wani lokaci kuma kayan aiki ne mai kaifi biyu. Ƙananan manhajojin NirSoft na dawo da kalmar sirri da aka manta, mu masu gyara muna amfani da su, ɓarayi ma haka, sai a rubuta musu HackTool ko Riskware. Mai su, Nir Sofer, tun 2009 yake kuka da wannan. A nan antibayiros bai yi ƙarya ba, ya faɗi abin da kayan ke iya yi. Tambayar ita ce ke kika kawo shi da saninki, ko tsintarsa kika yi a kwamfutar.

Injiniya Bashir: Ummi, ki kuma lura da inda kike dannawa. A ƙarshen 2022 da farkon 2023 an yi ta sayen talla a saman binciken Google da sunan GIMP, OBS, VLC da 7-Zip, shafin kamar na asali, adireshin ne kawai ya bambanta da harafi ɗaya ko biyu. Har FBI ta fitar da gargaɗi a kan haka a Disambar 2022. Wanda ya sauke daga can ya ga jan allo, ya zo nan aka ce masa ai VLC lafiya take, kashe kawai, to an gama da shi. Shi ya sa tambayata ta farko ga Nasiru ita ce daga ina.

Kamalu: A Windows ma akwai winget, ka rubuta sunan manhaja ya ɗauko maka daga inda masu ita suka ajiye, ya duba lambar tantancewa da kansa. Ba talla, ba shafin bogi. Abin da muke yi a Linux tun da daɗewa.

Malam Ilu: Wannan karon ka faɗi abin amfani.

Malama Rabi: Roƙona ga duk wanda ya tabbatar ƙazafi ne: kada ka tsaya a ba da izini a kwamfutarka kawai, ka kai rahoto. Kusan kowane kamfanin antibayiros yana da fom na aika fayil da aka kama bisa kuskure, Microsoft ma yana da shi a shafinsa na Security Intelligence, kuma mai amfani na iya aikawa, ba sai mai manhaja ba. Idan an gyara, kowa ya huta, ba kai kaɗai ba. Mu masu rubutawa kuma akwai abin da ke rage abin: a bar UPX, a raba manhajar a matsayin folda maimakon fayil guda, a haɗa ɓangaren tayarwar PyInstaller da kai maimakon ɗaukar wanda kowa ke amfani da shi. Masu buɗaɗɗen kod su nemi SignPath Foundation, suna sa hannu kyauta ga ayyukan da suka cika sharuɗɗansu.

Injiniya Bashir: Malama, idan an aika sun cire, shi ke nan har abada?

Malama Rabi: Ina fa. Sau da yawa wannan fayil ɗin kaɗai suke wankewa, da lambarsa. Ka fitar da sabuwar fitowa mako mai zuwa, lamba ta canza, sai ka koma layi. Shi ya sa yanzu nake aika musu fayil ɗin tun kafin in sake shi, in jira amsa, sannan in sanar da mutane. Wasu suna amsawa cikin kwana ɗaya ko biyu, wasu kuma fom ɗinsu ma sai ka yi rajista da lambar lasisin da ka saya kafin ya buɗe.